Na gwada shafin kwatanta inshorar lafiya, ga kuma ciwon sukari a jikina

Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon sukari. Ina shan maganin Metformin safe da yamma, duk wata uku kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin jini ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Da na ajiye aikin kamfani na kama sana'ar kaina, inshorata ta tafi tare da aikin. Sai a lokacin na san gatan da nake ciki, domin a dunƙule aka karɓe mu ma'aikata, ba wanda ya taɓa tambayata me ke damuna.

Wani shafin intanet na shiga, irin masu jera tsare-tsaren kamfanoni gefe da gefe. Gaskiya ya rage mini wahala. A dare ɗaya na ga kuɗin wata-wata na kowane tsari, da iyakar abin da zai biya a shekara, da asibitocin da yake hulɗa da su.

Inda ya gaza kuwa, a kan irina ne. Mafi araha yake ɗorawa a sama, batun cutar da mutum ya shigo da ita kuma sai ka buɗe takardar ƙa'idoji ka yi ta gangarawa. A can na tarar tsarin da ya fi burge ni yana da lokacin jira na wata 12: zan riƙa biya, amma ba za su taɓa komai na sukari ba sai shekara ta zagayo. Wani kuma ya cire ciwon gaba ɗaya, har da abin da yake haifarwa. Mai sukari ya san ma'anar wannan: ƙoda, ido, gyambon ƙafa. To me ya rage? A Amurka dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta hana kamfanoni ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi saboda tsohuwar cuta, tun daga 2014. Ba ko'ina ake da irin wannan kariya ba, shi ya sa ya kamata shafin ya fito da maganar fili.

Abin da ya cece ni lambar wayar masu shafin ce. Na tambayi matar da ta ɗauka ko in yi shiru da ciwon a fom, don raina ya raya mini haka. Ta ce, "Malam, kada ka soma. Ranar da ka kwanta asibiti za su nemi tsofaffin takardunka, in sun ga ka ɓoye, suna iya ƙin biya, su soke yarjejeniyar." Ta sa na duba jerin magungunan kowane tsari, ta kuma ce in nemi amsar kamfani a rubuce.

Na ɗauki wanda ya fi tsada, mai ɗaukar sukarin tun watan farko. Gwajina na watan jiya su suka biya, bayan likita ya nemi izininsu.