Allon amfilifayar FM mai BLF188XR: ga sauƙin dizal, amma sai an haɗa da matatar sigina

Duk mai kula da tiransimita, wato na'urar watsa shirye-shirye, a gidan rediyo ya san dizal ne ke cinye kuɗin tasha. Shi ya sa da muka tashi sauya amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, na zaɓi allon lantarkin da aka ɗora wa tiransista BLF188XR ta kamfanin Ampleon na ƙasar Holan. Da bolt 50 take aiki, kuma a zangon FM, daga mega (wato megahaz, ma'aunin mita) 87.5 zuwa 108, tana ba da wat dubu. Sama da kashi 70 cikin ɗari na wutar da ta sha eriya yake tafiya, saura ne ke zama zafi. A zafin Afrilu na Kano, wannan alheri ne babba.

Sai dai tattalin wutar yana da farashinsa. Ana matsa tiransistar har iyakar ƙarfinta, sai ta riƙa fitar da sigina a ninki biyu da ninki uku na mitar tashar. Idan kana kan mega 95, za ka ga wani tsini ya tashi a 190, wato cikin zangon talabijin. Na gan shi da idona a ƙaramar na'urar auna mitoci ta tinySA, ya miƙe zaƙaƙam. Da muka saka matata mai tare manyan mitoci tsakanin allon da wayar eriya, ya kwanta. Kada kowa ya kunna allon nan tsirara. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya ba ta wasa da mai shiga zangon wani, balle jiragen sama da mitocinsu suka fara daga mega 108.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne akwatin wutar da mai kayan ya haɗo mana, wato wanda ke ba allon bolt 50. Idan mai gabatarwa ya yi shiru, sai ka ji wani siririn fito a ƙasan murya. Na naɗe wayoyin wuta a zoben ferait mai rage hayaniyar lantarki, na ƙara kafasito mai daidaita wuta dab da allon, na rage tsawon wayoyin, na gyara wayar ƙasa. Ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba sai da muka sayi wani akwatin mai kyau.

Lokacin hunturu kuma ƙura na toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, don haka duk mako nake hure su. Zan sake sayen allon, amma matatar sigina da akwatin wuta a cikin kasafin farko zan saka su.