Hattara, masu hoto: lensi mai funfuna na yawo a kasuwanninmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto, musamman na yankin Wudil, Gaya da Ringim. Akwai wani mutum da ke tallar tsofaffin lensin kyamara a WhatsApp, sai ya ce ku haɗu ranar Juma'a a kasuwar Wudil ya miƙa maka kaya. Ni ya riga ya wanke ni.

Har yanzu ina taɓa aiki da Pentax K1000 ɗin da na gada wajen Baba, don akwai masu son kalar fim. Na daɗe ina neman Helios 44-2, lensin nan mai milimita 58 da aka ƙera a Tarayyar Sobiyat. In ka buɗe ƙofar haskensa har ƙarshe, wato lamba 2, fuska takan fito tsaf a tsakiya, ganyen bishiyar da ke baya kuma ya riƙa murɗawa kamar guguwa. Fim iri ɗaya, rana ɗaya, amma ka canza lensi, hoton ya canza kama.

Na mutumin nan ya sha goga, jikinsa sai ƙyalli. Na ga ɗan dishi-dishi a gilashin, na yi magana, sai ya ce, "Haba maigida, ai wannan shi ke ba da kalar da." Na biya naira dubu 45, har da zoben da ake ɗaura shi da shi, tunda bakinsa na murɗawa ne, bai shiga Pentax ɗina kai tsaye.

Ashe funfuna ce, irin wadda laima ke haifarwa. In ka haska tocilan wayarka ta bayan lensin ka leƙa ta gaba, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo. Tana watsa haske, baƙi ya koma toka-toka, in ta daɗe kuma ta cinye shafen da ke kan gilashin, ko an goge tabon na nan. Ganyayen ƙofar hasken ma duk maiƙo, da ƙyar suke motsi.

Ya san inda ya kama mu: fim ba waya ba ce da za ka duba nan take. Kafin ka cika hotuna 36 na fim ɗin, ka aika Kano a wanke, ya sauya layi.

Kada wanda ya biya sai ya haska, ya murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe. In mai kayan ya ce sauri yake, motarsa za ta tashi, bar masa kayansa.

Ni ɗaurin aure na ɗauka da shi, fim biyu, tsakiyar damina. Da na kai hotunan, uban amarya ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Malam, hazo aka yi ranar ban sani ba?" Kuɗinsa na mayar masa.