Arduino Uno ko Raspberry Pi: wanne zai tuƙa ƙaramar motarku?

Ɗan'uwa, ka ce ku huɗu ne a aikin ƙarshen shekara, za ku haɗa ƙaramar mota da za a tuƙa da wayar hannu, kuma ta riƙa kauce wa bango da kanta. Kana son sanin wanne ya fi tsakanin Arduino Uno da Raspberry Pi 4, wato ƙananan allunan lantarki biyu da kowannensu zai iya zama ƙwaƙwalwar motar. Ni ma bari in tambaye ka: motar nan gani za ta yi da kyamara, ko lalube kawai za ta yi? A nan amsar take.

Su biyun ba jinsi ɗaya ba ne. Uno ɗan allo ne mai guntun ƙwaƙwalwa guda, ATmega328P, gudunsa megahaz 16, memorin da yake aiki da shi kilobayit 2 kacal. Shiri ɗaya za ka ɗora masa, shi zai yi ta maimaitawa muddin akwai wuta. Pi 4 kuwa kwamfuta ce sukutum, tana tashi da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, daga katin memori, ga Wi-Fi ga Bluetooth a jikinta. A takarda ta fi shi nesa ba kusa ba. Sai an ɗora su a kan tayoyi ake ganin wani abu daban.

Ɗauki na'urar auna nisa ta HC-SR04, wadda kusan kowa ke sa wa irin wannan mota. Sauti take harbawa, ta jira ya bugi bango ya dawo, kowace santimita ɗaya tana cin kimanin mikrosakan 58. Uno ba shi da wani aiki sai wannan jiran, shi ya sa awonsa ke fitowa daidai. Linux kuwa hidimomi sun yi masa yawa, yana iya waiwayawa wani wuri daidai lokacin da sautin ya dawo, sai ka ga lambobi suna tsalle. Ga kuma tarko: na'urar tana mayar da amsa da bolt 5, ƙafafun Pi kuma, wato 'yan ƙarafan da ake jona waya a kansu, 3.3 suke ɗauka. In ba ka sa razista biyu sun rage ƙarfin ba, kana iya ƙona ƙafar. Uno da ma da bolt 5 yake aiki, jonawa kawai za ka yi.

Amma abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne wuta. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 ba tangarɗa. Injinan taya kuwa da zarar sun tashi sai su zuƙe batir, wutar ta ɗan faɗi. Uno in ya mutu, kafin ka ce kwabo ya dawo. Pi sai ta sake tashi daga farko, kana tsaye kana ƙirga daƙiƙoƙi, wani lokacin ma katin ya lalace. Na taɓa ganin motar wasu ɗalibai tana yin haka ranar gwaji: duk sanda aka ce ta yi gaba sai ta ɗauke, malamai suna kallo. Sun kwana suna neman kuskure a shirinsu, ashe batir ɗaya suka ba kowa. Ko wanne kuka zaɓa, ku raba wutar injina da ta allon, ku haɗa negatif ɗinsu wuri ɗaya, kuma kada ku jona inji kai tsaye a ƙafar allo. Sai ta hannun direba, wato ɗan allon da ke ba injina wuta bisa umarni, irin L298N, shi ma ku sani yana cinye kusan bolt 2.

Inda Pi ba ta da abokin karawa shi ne kyamara. Gane fuska, bin ƙwallo mai launi, turo bidiyo zuwa waya, duka da yaren shiri na Python da manhajar sarrafa hoto ta OpenCV ake yin su, kilobayit 2 na Uno kuwa ko hoto ɗaya ba zai riƙe ba.

Tunda ba ka ambaci kyamara ba, ni Uno zan ce. Ku ƙara masa HC-05 don Bluetooth, sai dai da Android yake magana, ba ya jituwa da iPhone. In malaminku ya dage sai da kyamara, ku haɗa su biyun da wayar USB: Pi ta gani ta ba da umarni, Uno ya riƙe tayoyi da na'urar nisa.