Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a fadamar Kwalkwalawa

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wasu manoman albasa a Sakkwato suka koma ga injin ban-ruwa na sola, kuma na gamsu ƙwarai da wanda na gwada a ranin bana. Kowace litar fetur da tsohon inji ya ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, alhali wannan babu hayaƙi, babu ƙara, ruwa kawai ke kwarara cikin fangali tun hantsi har la'asar. Aibinsa ƙurar hunturu ce, domin idan ba a goge farantan da ke karɓar hasken rana da safe ba, ruwan yakan ragu sosai. Farashinsa kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai dai maƙwabta su haɗa kuɗi su saya.