Tayoyin da suka riƙe mu a gangaren Brenner

Motarmu irin mai ɗakin kwana da kicin ce, wadda aka gina a kan Fiat Ducato. Tun da Jamus ta daina karɓar tambarin M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) shi kaɗai a matsayin tayar hunturu daga ranar 1 ga Oktoba 2024, sai na sayi tayoyin rani da hunturu masu tambarin dutse da ƙanƙara, lamba 225/75 R16, masu alamar CP, wato waɗanda aka yi domin motar da lodi ba ya sauka daga kanta.

A watan Disamba muna gangarowa daga Brenner, mashigar duwatsun da ke iyakar Italiya da Austria, zuwa birnin Innsbruck, dusar ƙanƙara ta narke ta haɗu da ruwan sama, titi ya yi caɓa-caɓa, sai tirelar da ke gabanmu ta ci birki ba zato ba tsammani. Tankin ruwa a cike yake, ga tukwanen gas, ga yara a baya, kuma duk wanda ya tuƙa mota mai nauyin kusan tan 3.5 ya san yadda bayanta ke neman juyowa a santsi. Na take birki har ƙasa, ina jin yana karkarwa a tafin ƙafata, motar kuwa ta tsaya a layinta ba ta karkace ba. Uwargida ta ce, "Abban yara, kuɗin nan sun yi halal." Har ga Allah ban zaci tayar da ba ta hunturu zalla ba za ta yi irin wannan riƙo ba.

Sai dai har yanzu ina jin haushin shagon da ya ɗaura mini su. Iskar da suka sa wa na baya ta motar da babu kaya ce, alhali irin waɗannan suna ɗaukar har bar 5.5 a ma'aunin iska, shi ya sa motar ta riƙa tangaɗi idan babbar mota ta wuce mu, sai da na ƙara iskar da kaina. Lambar DOT da ke jikin taya, mai nuna lokacin da aka ƙera ta, kuma ta nuna biyu daga ciki sun kwana biyu a sito, amma aka karɓi kuɗin sababbi fil.

Su ma tayoyin ba zan wanke su tas ba. A wata 'yar hawa inda ƙanƙara ta daskare kamar gilashi, na gaba sun yi ta juyawa a wuri ɗaya har sai da na ɗaura sarƙa. Mai niyyar kwana a kan duwatsu duk hunturu, gara ya sayi na hunturu zalla.