Daktora a ƙirar jiragen ruwa: ina za ka, kuma wa zai biya?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a gida, nan Jidda. Ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya. Wasiƙu ne daga jami'o'i uku, kowacce ta ce ta karɓe shi ya zo ya yi digiri na uku, wanda a nan muke ce wa daktora, a fannin ƙirar jiragen ruwa da injinansu.

"Kawu, wacce zan ɗauka? Wannan ta fi suna."

Na ce, "Madalla, Allah ya sa albarka. To a cikin ukun wacce ta ce za ta ciyar da kai?"

Ya sake duba wayar, ya yi shiru. Babu ko ɗaya.

Na daɗe ina aikin duba lafiyar jirage a wannan gaɓa ta Bahar Maliya, kuma na ga yaranmu da dama sun ruɗu da takardar karɓa. Takardar nan buhu ce kawai. Kayan da ke ciki uku ne: malamin da zai duba aikinka, wurin da za ka yi gwaji, da kuɗin da zai riƙe ka shekara uku zuwa biyar. Wanda ya sa hannu bai kwance buhun ba ya yi cinikin biri a sama.

Kafin maganar jami'a ma, ka san wanne kake nema, don fannin biyu ne aka haɗa a suna ɗaya. Mai ƙirar jirgi aikinsa gangar jiki: siffarta, yadda take tsaga ruwa, ƙarfin ƙarfenta, da abin da zai hana ta kifewa. Injiniyan ruwa kuwa ɗakin inji ne gonarsa: babban inji, sandar farfela, famfuna, janareta, mai. Akwai kuma na uku da ake yawan haɗawa da su bisa kuskure, wato mai son ya hau jirgi har ya zama shugaban injiniyoyi. Shi wannan shahadar ƙwarewa yake bukata a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya kan horar da ma'aikatan jirgi, STCW ta 1978, da watannin aiki a teku. Daktora ba za ta ƙara masa ko kwana ɗaya a lissafin ba. In nan ka dosa, riƙe kuɗinka.

Amma ga mai son bincike, wallahi ina so in ga namu a wannan fanni, don tambayoyinsa a ƙofar gidanmu suke. A watan Fabrairun 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya tashi daga tashar Duba ta Saudiyya zai je Safaga ta Masar, wuta ta kama, aka yi ta feshin ruwa, ruwan ya taru a benen motoci bai samu mafita ba, jirgin ya karkata ya nutse da mutum sama da 1,000. Duk wadda ta taɓa ɗaukar daro rabi da ruwa a ka ta san abin da ya faru: kina karkata kaɗan sai ruwan ya ruga gefe guda ya ja ki. A watan Yunin 2022 kuma jirgin Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin ta Sudan da tumaki kusan 15,800 da za a kawo nan Saudiyya, alhali ƙarfinsa wajen 9,000 ne. Ga kuma dokokin IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa: tun Janairun 2020 sinadarin sulfa a man jirgi ba zai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, sannan a Yulin 2023 ƙasashe suka amince a kai ga daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya zuwa wajen 2050. Shi ya sa yau kuɗin bincike ya karkata ga amoniya da metanol da batir da gyaran siffar jirgi don rage shan mai. Mai neman tallafi ya lura da inda kuɗin yake.

Mu fara daga gida. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana da tsangayar nazarin harkokin teku, da sashen injiniyancin ruwa, inda da yawa cikin yaranmu suka fara. Idan aka zo daktora kuwa, ni KAUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, nake fara nuna wa mutum. Tana Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009, kuma wanda ta ɗauka ta ɗauke masa kuɗin karatu da gida da magani, ta ɗora masa alawus, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sai dai ba ta da sashe mai sunan ƙirar jirgi. Ta ƙofar injiniyancin makanikas ake shiga, a yi bincike kan ƙonewar mai a inji ko gudanar ruwa a kwamfutarsu mai ƙarfi ta Shaheen. Ga mai sha'awar inji da sabon makamashi, wannan ciniki ne mai kyau, ga shi Makka na kusa, ba ka yi nisa da tsofaffi ba. Ga mai son gangar jirgi da igiyar ruwa, bai kai ba. Haka Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran, ita ma ta makanikas ake bi.

Masar ta fi kowa sauƙin kuɗi da harshe. Jami'ar Iskandariyya tana da sashen ƙirar jirgi da injiniyancin ruwa na ainihi, haka ta Bur Sa'id, ga kuma Akademiyar Larabawa ta Abu Ƙir da aka kafa a 1972. Malamai masu ilimi suna nan. Amma galibi kai za ka ciyar da kanka, kuma ka tambayi kayan gwajin da za ka taɓa da hannunka kafin ka biya ko fam ɗaya.

Bari in tsaya kan wannan maganar gwaji, don ita ce mutane ba su fahimta. Tafkin gwaji wani dogon kwami ne cike da ruwa, a cikin gini, da keken ƙarfe mai gudu a kan dogo a samansa. Ana sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi daidai siffar babban, a ɗaura shi a keken, a ja shi, na'ura tana auna turjiyar ruwa. William Froude ne ya gina na farko a Torquay ta Ingila a farkon shekarun 1870, kuma har yau da ƙa'idarsa ake aiki: in ka rage tsawon jirgi sau 25, gudunsa sau 5 za ka rage. Jirgin da ke yin not 20 (ma'aunin gudun jirgi) a teku, samfurinsa not 4 zai yi a tafki, wajen mita biyu a daƙiƙa. Bayan kowane ja sai a zauna a jira ruwan ya kwanta lumui kafin a sake, wani lokaci awa guda ta wuce ba ka samu lamba fiye da biyu ko uku ba. Yanzu kwamfuta tana lissafa yawancin wannan, gaskiya ne. Amma ranar kare kundi, tambayar farko da za a yi wa mai lissafin kwamfuta ita ce: da wane gwaji ka tabbatar? Don haka kada ka tsaya ga jin cewa jami'a tana da tafki. Tambayi mako nawa ɗalibi yake samu a cikinsa, da wanda ke biyan kuɗin sassaƙa samfurin.

Birtaniya ce yaranmu suka fi rububi, kuma ba laifi. Strathclyde a Glasgow tana da tafki mai tsawon mita 76, Southampton nata mita 138, Newcastle kuma ta yi suna wajen gwajin farfela a ramin Emerson. Shekara uku zuwa huɗu, babu dogon zaman aji, kana isa ka kama bincike, a ƙarshe masu jarrabawa biyu su tsare ka a ɗaki su bi kundin shafi-shafi. Mai karatun daktora yana iya tafiya da iyali, abin da aka hana yawancin masu karatun digiri na biyu tun Janairun 2024. Illarta kuɗi: na makaranta kaɗai ya haura fam 20,000 a shekara ga baƙo, ban da haya da harajin lafiya. Ga takardar izini ta ATAS da ake nema kafin biza a irin waɗannan fannoni, tana cin makonni. Ba na ba kowa shawara ya je can da kuɗin gida. Na san wanda mahaifinsa ya sayar da fili a Kano ya tura shi wata jami'a ta hannun wani dillali, shekara ɗaya malamin ya koma wata ƙasa, aka miƙa shi ga wanda bai san fannin ba. Ya dawo babu shahada, babu fili.

In da zan zaɓa wa ɗana, Norway ko Holand zan ce. A can daktora aiki ce, ba karatu kawai ba: ana tallata gurbi, ka nema, a yi maka tambayoyi, a ɗauke ka da albashi da fansho. A jami'ar NTNU da ke Trondheim ta Norway shekara uku ce, ko huɗu in da koyarwa, ana son digiri na biyu na shekara biyu mai kundin bincike da maki masu kyau. A jami'ar Delft ta Holand shekara huɗu ce, ga cibiyar gwaji ta MARIN a Wageningen, wadda take aiki tun 1932. Wahalar ita ce ba kai ke zaɓar maudu'i ba, kuma gurbi ɗaya mutane da yawa ke nema daga ko'ina a duniya. Sannan ɗan Jidda ya shirya wa hunturun Trondheim, inda a Disamba hasken rana bai kai awa biyar ba.

Amurka doguwar hanya ce. Jami'ar Michigan a Ann Arbor tana da cikakken sashe na wannan fanni, da tafki mai kusan mita 110. Za ka yi darussa, ka ci jarrabawar cancanta, ka kare shawarar bincike, kafin a kira ka ɗan takarar daktora. Ka sa shekara biyar a ranka. Amma wanda lissafinsa ke da rauni, wannan tsari ne zai gina shi, kuma ɗaukar tana zuwa da tallafi. Dearborn, garin da Larabawa suke da yawa, na kusa, mai Larabci a baki ba zai yi kewa ba. Matsalar biza ce, musamman ga mai fasfon Sudan ko Chadi, waɗanda aka saka cikin jerin hana shiga a Yunin 2025.

Gabas kuwa mutanenmu suna raina ta, kuma kuskure ne, don a can ake ƙera jiragen. China da Koriya ta Kudu da Japan su ke fitar da kusan duk manyan jiragen duniya. Jami'ar Shanghai Jiao Tong da ta Pusan da ta Osaka suna zaune kusa da masana'antun. Tallafin gwamnatin Koriya yana haɗe da shekara guda ta koyon harshe, kuma shi da na China suna son wanda bai kai 40 ba. Na Turkiyya ƙasa da 35 yake so, ga Jami'ar Fasaha ta Istanbul da tafkinta mai mita 160. Jami'ar UTM ta Maleshiya a Johor tana da na mita 120, rayuwa da araha, abinci halal ko'ina.

Tarko ɗaya: Jami'ar Teku ta Duniya da ke Malmo a Sweden, wadda IMO ta kafa a 1983. Makaranta ce mai daraja, amma daktorarta ta harkokin teku ce, dokoki da gudanarwa da tsare-tsare. Mai son zama a hukuma ya je. Mai son zana jirgi ba nan ba ne.

Duk wannan kuwa fasfonka ne zai tace maka shi, don mu Hausawan Hijaz kashi biyu ne. Ɗan ƙasa yana da shirin ibti'as, wato tallafin gwamnati na karatu a waje, sai ya tabbatar jami'ar tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta amince da su, kuma zai zauna can ya yi karatun, don kada ya dawo mu'adala, wato amincewa da shahadarsa a gida, ta gagara. Mai igama, wato baƙo mai takardar zama, ba shi da wannan. Nasa ƙofofin su ne KAUST, tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da hedikwatarsa ke nan Jidda, guraben albashi na Turai, da tallafin PTDF, asusun fasahar man fetur na Najeriya, ko na Commonwealth ga mai fasfon Najeriya. Kuma ya zauna da kafilinsa a yi lissafin igama da bizar fita da dawowa tun kafin ya sayi tikiti. Na ga wanda takardarsa ta mutu yana waje, ganin mahaifiyarsa ya koma sai da bizar umara.

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: digiri na biyu a fannin ko a makanikas, jarrabawar Turanci ta IELTS galibi 6.5, wasiƙun malamai biyu ko uku, da gajeriyar shawarar bincike. Abin da ba a rubutawa a talla shi ne lissafi da rubuta manhaja. In ba ka iya Python ko MATLAB ba, fara yau.

Sai malami, wanda a nan muke ce wa mushrif. Karanta maƙalunsa uku na baya-bayan nan. Dubi ɗalibai nawa suka gama a hannunsa da shekarun da suka ɗauka. Sannan ka nemi ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi a keɓe: sau nawa kuke haɗuwa a wata, kuma in ka tura babi, kwana nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Ka kuma yi tunanin inda za ka dawo. Katafariyar ma'aikatar jirage ta Ras al-Khair a gabashin Saudiyya, wadda Aramco da Bahri da Lamprell da Hyundai suka haɗa hannu a kanta a 2017, da kamfanonin tantance jirage irin su DNV da Lloyd's Register, sun fi tambayar me ka taɓa ƙerawa ko gwadawa.

Da na gama, yaron ya ce, "To Kawu, in watsar da ukun ke nan?"

Na ce a'a, ya rubuta wa malaman uku ya tambaye su tallafi da lokacin tafki, ya kuma nemi izinin ɗage shiga zuwa baɗi. Ɗaya ya amsa cikin kwana biyu har da sunan aikin da yake nema wa kuɗi, ɗaya ya turo shi ofishin karɓar kuɗi, na ukun har yau shiru. Yanzu yana cike takardar wani gurbi a Trondheim da ta KAUST, yana kuma zuwa wurina ranar Asabar muna bitar lissafin daidaiton jirgi.