Wata huɗu ina amfani da iNaturalist, ga abin da na gani

Jama'a ni fa ungulu ce ta sa na sauke manhajar nan. Muna yara ko ɗaga kai ba ma yi don ita saboda yawanta, yanzu kuwa sai ka shekara ba ka ga ko guda ba, ashe tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ƙaramar ungulun nan mai jan wuya a jerin masu dab da ƙarewa, guba da masu farautarta don haɗa magani sun gama da ita. Ranar da na hango guda biyu a kan busasshiyar bishiya, sun baza fukafukai suna shan hantsi, wallahi hannuna har rawa yake wajen ɗaukar hoton.

Yadda abin yake ba wuya, kuma kyauta ne. Ka ɗauki hoton dabba ko tsiro ko ƙwaro ka ɗora, ita manhajar za ta kawo maka hasashen sunansa, sannan mutane su zo su duba, idan sama da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda a kan suna ɗaya to hoton ya kai matakin bincike, daga nan bayanin zai iya wucewa rumbun bayanan halittu na duniya mai suna GBIF inda masana ke ɗiba su gane ina dabbar take, ina kuma ta daina zuwa. A 2008 aka fara ta a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Berkeley ta Amurka, yau ga ta ko'ina a duniya.

Amma abin da ya fi kwanta min a rai shi ne ɓoye wuri. Da farko na ji tsoro, na ce kar in ɗora hoto in zama ni na nuna wa maharba hanya. Ashe sun riga ni tunani, dabbobi da yawa da ke cikin hatsari manhajar da kanta take ɓoye ainihin inda aka gan su, sai dai a nuna wani fili mai faɗin kusan kilomita 20 ta kowane gefe, kuma kai ma kana iya ɓoyewa da hannunka. Ni duk abin da ya shafi sheƙa ko ƙwai ɓoyewa nake, ba na ko shawara.

Hasashenta ya fi ƙarfi a kan halittun da aka ɗora hotunansu da yawa, don haka kar ka ɗauki sunan farko da ta ba ka kamar yankan wuƙa, jira masu dubawa. Kuma a daure a ɗauki hoto mai kyau, ta gaba da ta gefe, nawa na farko duk dishi-dishi suka fito. In babu netwok ajiye abinka ka ɗora daga baya.

Na koma wajen bishiyar nan sau uku, sau ɗaya na sake samunsu, shi ma na ɗora.